Daɗin Kowa Biyu Ne: Ɗaya a Arewa24, Ɗaya a Hanyar Bukuru

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, wanda datarsa ke gargara ya ajiye sai dare.

Daɗin Kowa biyu nake son mu yi magana a kai. Na san akwai na uku a Gombe mai madatsar ruwa, 'yan Gombe kar ku taso min, yau ba da ku nake ba. Na farko shi ne wanda kowa ya sani, garin da babu shi a taswira, wanda tashar Arewa24 ta fara nunawa a 2015. Na biyu kuwa unguwa ce ta gaske a nan Jos, a kan hanyar Bukuru. Da yawanmu za mu gama digiri mu koma gida ba mu taɓa sauka a cikinta ba, sai dai mu hango ta ta tagar tasi.

Bari na fara da na talabijin. Idan ka tambayi ƙannenmu mata me ya sa suke kallon shirin, za su ce maka Nazir da Alawiyya. To amma ku yi wa Allah, soyayyar mutum biyu ce za ta riƙe shiri shekara da shekaru? Finafinai nawa aka yi na soyayya da ko sunansu ba ma tunawa? Abin da ya riƙe Daɗin Kowa unguwa ce. Malam Nata'ala da matansa da almajiransa, da yadda cefane ke zama yaƙi a gidan. Kamaye da Adama, waɗanda faɗansu ba ya tsayawa a ɗaki sai ya fito tsakar gida. Kyauta Dillaliya mai shiga gida-gida da kaya a ƙulli, labari a baki. Teburin Ɗantani Mai Shayi, inda ake yanke wa kowa hukunci ba tare da an kira shi ba. A garin nan babu mai sirri. In ka ci bashi an sani, in matarka ta yi yaji an sani, in ɗanka ya fara shaye-shaye, maƙwabta za su riga ka sani. Kuma wannan sa idon da ke ƙona rai, shi ne dai yake kawo mutane da gudu ranar da gobara ta tashi ko naƙuda ta zo da dare.

Abin da na daɗe ina juyawa a raina ke nan. Mun saba in an ce zaman lafiya, sai mu hango mutane suna murmushi suna musabaha a gaban kyamara. Amma unguwar da take da rai ba haka take ba. Unguwa mai rai cike take da ƙananan rigingimu: wa ya zubar da ruwan wanki a ƙofar wa, akuyar wa ta ci shanyar wa, wa ya ari turmi wata biyu bai mayar ba. Bahaushe ya riga ya gama magana da ya ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Mutumin da kuka taɓa yin cacar baki da shi a kan kwata, kuka shirya a wajen sunan 'yarsa, wannan ka san shi. Ka san shi da rowarsa da kirkinsa, ka san tarin da yake yi da asuba. Ba zai yi sauƙi wani ya zo daga waje ya mayar maka da shi "su wancan ɓangaren" ba.

Wani abin mamaki, Turawan Sifaniya ne suka ƙara fito min da wannan fili. Mu dai abin da muka sani game da ƙasar bai wuce Real Madrid da Barcelona ba, sai kuma Money Heist da aka yi yayinsa, har ana yi wa duk mai tabarau a aji laƙabi da Farfesa. Ni karatun da nake yi ya shafi zamantakewar birane, to a wajen laluben abin da aka rubuta a kan zaman haya na ci karo da wani shirin barkwanci nasu mai suna Aquí no hay quien viva, wato kusan a ce "nan ba ya zaunuwa". Tashar Antena 3 ce ta nuna shi daga 2003 zuwa 2006. Na kalli abin da na samu da fassarar Turanci a ƙasa. (Ba tallarsa nake ba fa, akwai abubuwa a ciki da ba su dace da tarbiyyarmu ba, kar wani ya je ya kunna a gaban Hajiya ya ce ni na aike shi.) Labarin duka a kan bene ɗaya ne a Madrid, lamba 21 a layin Desengaño. Akwai shugaban mazauna gidan, Juan Cuesta, wanda ya ɗauki muƙamin kamar an ba shi gwamna, abu kaɗan sai ya kira taron gaggawa. Akwai mai gadi da kowa ke aika. Sannan akwai wasu tsofaffin mata uku da ba su da aiki sai leƙe ta ramin ƙofa da yaɗa labari, har ana kiran aikin nasu Radio Patio, wato rediyon tsakar gida. Wallahi da na ga wannan sai da na yi dariya ni kaɗai. Ashe rediyo mai jini har a Turai yana kamawa! Su uku aka ba su aikin da Kyauta Dillaliya ke yi ita kaɗai.

Mutanen benen nan ba sa ƙaunar juna, a kullum cikin rigima suke a kan kuɗin gyaran bututu da hayaniyar dare. Amma matakala ɗaya suke hawa, dole su haɗu. Kuma a wannan haɗuwar ta dole duk abin dariyar yake, duk abin tausayin ma a nan yake.

To mu dawo gida. Abin da da yawa daga cikinmu ba su sani ba, garin nan da muke zaune shi ne ya koya wa Najeriya kallon iyali da unguwa a talabijin. Ku tambayi iyayenku Cock Crow at Dawn. A 1980 aka fara shi, NTA ce ta yi, a nan yankin Jos aka ɗauka, Peter Igho ya jagoranci aikin, bankin UBA ya ɗauki nauyi, Bongos Ikwue ya yi waƙar buɗewa. Manufar ita ce a kwaɗaitar da mutane noman zamani, amma abin da mutane suka riƙe shi ne iyalin da suka bar birni suka koma ƙauye da dangin da suka tarar a can. Ku dubi sunayen kawai: George Menta shi ya fito a Bello, marigayi Sadiq Daba shi ya fito a Bitrus, Kasimu Yero kuma ya fito a Kawu Gaga. Sadiq ne Bitrus, George ne Bello, kuma Bello da Bitrus a gida ɗaya suke. A lokacin babu wanda ya ga abin tambaya a ciki. Yau a gwada haka a gani, kafin a gama kashi na farko an buɗe shari'a a Facebook.

Bayansa aka yi Behind the Clouds, shi ma daga NTA Jos, labarin iyalai a cikin garin, da su Zack Amata da Franca Brown da Ene Oloja. A ɓangaren Hausa kuma ga Baba Karkuzu, Allah Ya jiƙansa, wanda ya rasu a 2025. Tsohon nan ya sa Arewa dariya tun shekarun 1980, a Jos ya yi rayuwarsa, ya makance a ƙarshe yana zaman haya, sai da Ahmed Musa, shi ma ɗan Jos, ya saya masa gida. Har yau hedikwatar Hukumar Finafinai ta Ƙasa a nan take, makarantar koyon fim ta ƙasa a nan take, kwalejin talabijin ta NTA tana Rayfield. Ali Nuhu a jami'ar nan tamu ya yi karatu. Sani Mu'azu, Gwamna Bawa Maikada na Kwana Casa'in, ɗan Jos ne. Nafisa Abdullahi da Sadiq Sani Sadiq, duk 'ya'yan garin nan ne. Ba banza ba. Garin da haƙar kuza ta tara Bahaushe da Ibo da Bayarabe da Urhobo a kan ƙasar Birom da Anaguta da Afizere, kowa da harshensa amma ana ciniki da Hausa, dole ya fitar da masu iya kwaikwayon mutane. Yaron da ya tashi a gidan haya mai ɗaki goma sha biyu da ƙabila bakwai, makarantar wasan kwaikwayo ya tashi a ciki.

Wancan Jos ɗin ke nan. Wanda mu muka tarar kuwa kun san shi.

Duk wanda ya zo daga Kano ko Katsina ko Sakkwato, kafin ya san inda ɗakin karatu yake an riga an ba shi taswira. Ba ta takarda ba, ta baki. Kama ɗaki a Unguwar Rogo, ko Bauchi Road, ko Unguwar Rimi. Rikkos da Gangare babu damuwa. Can kuwa, kar magariba ta yi maka. In ka ji an fara guje-guje, ga hanyar da za ka bi, ga wadda ba za ka bi ba. Ni wani yayana da ya riga ni zuwa ne ya karanta min, kuma don Allah ya yi, ban ga laifinsa ba. Abin da ya tsaya min a rai shi ne ranar da wani abokin karatuna, ɗan Pankshin, ya faɗa min tasa taswirar da ƙanin babansa ya ba shi. Iri ɗaya ce sak, sai dai an juya ta. Inda aka ce min nan ne mafaka, shi nan aka ce kar ya kuskura. Dillalin ɗaki ma, kafin ya tambaye ka nawa ke gare ka, sunanka yake fara tambaya, daga nan ya san layin da zai kai ka.

Ba daga sama abin ya faɗo ba. Ranar Juma'a 7 ga Satumba 2001 aka fara, aka yi kwanaki ana kashe-kashe. A Fabrairun 2002 babbar kasuwar Terminus ta ƙone, wurin da kowa da kowa ke cuɗanya. Nuwamban 2008 aka sake bayan zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, Janairun 2010 aka sake. Kowane zagaye sai wasu su kwashe kaya su koma inda nasu suka fi yawa, wani ya sayar da gida da araha, wani su yi musaya, wani ko ƙofa bai tsaya rufewa ba. Waɗanda suke nan a Agustan 2021 kuma sun ga nasu: kisan matafiya a hanyar Rukuba, harin Yelwa Zangam da ke nan bayan Naraguta, dokar hana fita ba dare ba rana, gwamnatocin jihohi suna turo motoci kowa na kwashe 'ya'yansa. Don haka wanda ya ce maka ka yi hattara, ba tsoron banza yake ba ka ba. Ina faɗar wannan ne don kar wani ya karanta rabin rubutun ya ce na ce a yi sakaci.

Amma ku duba abin da aka rasa. Gidan da nake haya ɗaki tara ne, suna kallon juna, rijiya ɗaya, banɗaki biyu. Duk abin da ke cikin Daɗin Kowa na talabijin muna da shi. Muna da mai kunna rediyo tun kafin assalatu. Muna da rigimar kuɗin wuta duk ƙarshen wata, inda mai hita ke rantsuwa cewa shi da ruwan sanyi yake wanka, a Jos, a watan Disamba! Muna da rediyo mai jini har tasha biyu. Muna da matar aure a ɗakin ƙarshe da in ta ga ɗalibi ya kwana biyu bai ɗora tukunya ba, sai ka ga yaro da kwano a ƙofarka ya ce in ji Umma. Abu ɗaya ne babu: dukkanmu alƙibla ɗaya muke kallo. Layin gaba ɗaya haka yake. Yaran gidan, 'yan shekara bakwai, takwas, ba su taɓa yin faɗa da wani Bitrus a kan ƙwallo ba, ba su taɓa cin shinkafar Kirsimeti ba, ba a taɓa aikensu da naman layya gidan da ba a yi layya ba. Kirista a wajensu wani ne da ake gani a asibiti ko a banki. Can ɗaya ɓangaren ma akwai yara sa'anninsu da Musulmi a wajensu mai nama ne ko mai gwanjo, shi ke nan.

Baba mai gidanmu, in ya so hira, yakan zauna a dakali ya riƙa nuna ɗakunan da sanda. Wancan wani Ibo ne mai gyaran rediyo ya zauna shekara goma sha ɗaya. Wancan wata malamar asibiti ce 'yar Shendam, ita ta karɓi haihuwar 'ya'yansa uku. Abin da na lura, Baba ba ya cewa mutanen kirki ne, a'a. Cewa yake mai rediyon nan ɗan rigima ne na ƙarshe, har gaban mai unguwa sun je a kan kuɗin haya. Sai ya yi dariya, sai kuma ya yi shiru. Na ce, "Baba, yanzu yana ina?" Ya ce, "Ɗana, tun na farkon nan ya tafi. Da kaina na raka shi bakin titi." Talabijin ɗaya ce a gidan a lokacin, baƙi da fari, a ɗakin mai rediyon. In za a yi Karkuzu sai ya fito da ita tsakar gida ya ɗora a kan tebur, ko da kuwa ranar ba sa ga maciji da Baba.

Yanzu ga Daɗin Kowa na biyu. Unguwa ce da Musulmi da Kirista ke zaune a cakuɗe, kuma duk tashin hankalin 2001 da 2008 da 2010 ba a yi kashe-kashe a cikinta ba, alhali unguwannin da ke maƙwabtaka da ita sun ƙone. Wata Baturiya mai bincike, Jana Krause, ta yi aiki a kan wannan, ta fitar da littafi a 2018 mai suna Resilient Communities, inda ta haɗa unguwar da wani ƙauye a Ambon ta ƙasar Indunusiya da shi ma ya ƙi shiga faɗan addini. Duk mai yin bincike a kan Jos ya nemi littafin nan. Abin da ya fi kama ni a ciki, ba ta ce mutanen Daɗin Kowa sun fi kowa son juna ba. Akwai zargi, akwai tsoro, akwai samarin da jininsu ke tafasa kamar na ko'ina. Abin da suka yi aiki ne. Dattawan ɓangarorin biyu suka yi alkawari a bainar jama'a cewa ba za a yi a nan ba. Mata suka matsa wa shugabanni lamba. Aka haɗa samari Musulmi da Kirista suna sintiri tare. Aka hana baƙin samari shigowa su tayar da fitina, aka sa wa na gida ido, wanda ya nemi ya fanɗare aka ladabtar da shi. Har gorin ragwanci samarin wasu unguwanni suka riƙa yi musu don sun ƙi faɗa.

Ku lura da kyau, kayan aikin da suka yi amfani da su, su ne dai abubuwan da muke dariya a kansu a talabijin. Sa ido. Tsegumi. Tsohuwar da ta san ɗan wa ye ya dawo gida da jarka. Dattijon da zai iya kiran saurayi da sunan uwarsa a gaban abokansa ya ce wuce gida. Rediyo mai jini, wanda a wata unguwar shi ke yaɗa cewa ga su nan tafe, a nan shi aka juya ya zama mai ƙaryata jita-jita. Wannan ba ya yiwuwa sai a inda mutane suka san juna ciki da bai, kuma ba a sanin mutum haka a taron zaman lafiya na otal da ake raba ruwan roba. A bakin rijiya ake saninsa.

Shi ya sa nake ɗan jin haushin inda finafinanmu masu dogon zango suka dosa. Ina kallon Labarina kamar kowa, Aminu Saira ya iya aikinsa, ba na musu. Gidan Badamasi ma na sha dariya, don duk wanda ya fito daga babban gida ya san 'ya'yan da ke lissafin gado uban yana zaune da ransa. Amma ku ƙirga, cikin shirye-shiryen da ke fitowa a YouTube duk mako, nawa ne ke da maƙwabci? Falo ne mai kujerun zinariya, get, mai gadi ɗaya don ban dariya, mota ta shiga mota ta fita. In an nuna unguwar talakawa, to wurin da jaruma za ta sha wahala ne kafin mai kuɗi ya zo ya ɗauke ta. Unguwa ta zama abin da ake tserewa. Ko a Daɗin Kowa ɗin, da na yaba, Stephanie da 'yan uwanta ba su da yawa, kuma sau da yawa in sun fito ka san darasi za a koyar. Tashar da ma da tallafin Amurka aka kafa ta a 2014 don irin wannan saƙon, wani lokacin kana jin ƙamshin saƙon tun daga nesa. Duk da haka sun yi abin da wasu ba su yi ba. Ni dai burina na ga Kirista a fim ɗin Hausa wanda ba darasi ba ne, ba kuma wanda zai musulunta a kashi na ƙarshe ba. Mutum kawai, mai rowa ko mai surutu, wanda ake bin sa bashin kuɗin wuta.

Akwai shiri na biyu na Sifaniya da ya sa ni wannan dogon tunanin, sunansa Cuéntame cómo pasó, wato "ba ni labarin yadda aka yi". Gidan talabijin na gwamnatinsu ne ya fara nuna shi ranar 13 ga Satumba 2001. Ku dubi ranar, kwana shida bayan an fara namu a Jos. Bai ƙare ba sai 2023, kashi sama da 400. Iyali ɗaya aka bi, iyalin Alcántara, mutanen ƙauye da suka dawo wata unguwar ma'aikata a Madrid: uba, uwa, kaka, 'ya'ya. Labarin ya fara daga 1968, lokacin mulkin kama-karya na Janar Franco, ya bi ta mutuwarsa a 1975, ya shiga zamanin dimokuraɗiyya. Mutanen nan sun yi yaƙin basasa daga 1936 zuwa 1939, maƙwabci ya kai ƙarar maƙwabci, an kashe na kashewa, aka yi shekaru ba a maganar a gida. Shirin bai zo da lacca ba. A kan teburin cin abinci ake komai: uba na tsoron siyasa saboda abin da ya sami nasa uban, ɗa na jami'a yana ganin uban matsoraci ne, kaka ta san abin da ya faru a ƙauye amma ta ƙi faɗa. Tarihin ƙasa guda aka shigo da shi ta ƙofar kicin.

Irin wannan nake yi wa Jos kwaɗayi. Gidan haya ɗaya, a ce a Nasarawa ko Dilimi, a fara daga 1980. Mai gida Bahaushe da kakansa ya zo haƙar kuza. Ibo mai shago a ɗakin farko. Malamar makaranta Birom. Tela Bayarabe, wanda rabin danginsa na masallaci rabi na coci. A yi kashi hamsin ana dariya kawai, ana rigimar rijiya da satar kaza da soyayyar da iyaye ba sa so, har mai kallo ya san kowa kamar ɗan gidansu. A bi ta 1991 da aka ƙirƙiro Jos ta Arewa, a ji yadda hirar dakali ta fara sauya launi, yadda kalmar "ɗan ƙasa" da "baƙo" ta shigo gidan da a da ba a san ta ba. Sannan a zo ranar Juma'ar nan. Ba sai an nuna gawa ko ɗaya ba. A nuna wanda ya ɓoye wa a ƙarƙashin gado, a nuna wanda ya yi shiru da bai kamata ya yi ba, a nuna rakiya zuwa bakin titi. Sannan a ci gaba, don rayuwa ba ta tsaya a nan ba: sababbin 'yan haya, ɗalibai irinmu da suka zo da taswira a ka.

Na san abin da za a ce, don na faɗa wa abokai a majalisa sun faɗa min. Za a ce tonon tsohon miki ne. Za a ce kowane ɓangare zai ƙirga mugayen da aka ba shi ya ce an yi son kai. Wannan gaskiya ne, za a ƙirga. Wani ya ce min babu ɗan kasuwar da zai sa kuɗinsa a abin da zai iya jawo a ƙona masa ofis, shi ma bai yi ƙarya ba. Amma mikin da ake cewa kar a tona, ai ba warkewa ya yi ba. Kowane gida ana ba da labarin, sai dai kowa rabinsa yake bayarwa, rabin da aka yi masa. Yaran gidanmu sun san 2001 sarai ko da ba a haife su ba, sun san wa aka kashe mana. Abin da ba su sani ba shi ne mai gyaran rediyo da malamar asibiti, don wannan sai Baba ya ga dama, kuma Baba ya haura saba'in.

Mu kuma da muke jami'a, ina ganin ba mu san abin da ke hannunmu ba. Hostel ɗin Naraguta da Village da Abuja, duk da cunkoso da layin ruwa, suna cikin 'yan wuraren da suka rage a garin nan inda Musa da Moses za su yi faɗa a kan wa ya ɗauki bokitin wa, su kwana ɗaki ɗaya. Aji ma haka. 'Yar ajinmu da muke aikin rukuni tare, Birom ce daga Du, mun fi wata muna gardama a kan wa ya fi yin aiki a cikin takardar da muka miƙa. Ranar da mamanta ta kira ta muna tare ta miƙo min wayar, sai na ji tsohuwa tana Hausa tatacciya, ta ce, "Ɗana, a wace unguwa kake?" Na faɗa mata. Ta ce a layin bayanmu aka yi mata goyo, ta tambaye ni ko bishiyar mangwaron bakin masallacin tana nan. Tana nan. Ta ce rabonta da wurin shekara ashirin da wani abu, kuma daga gidansu zuwa can bai kai tafiyar awa ɗaya ba.

'Yan sashen wasan kwaikwayo da fim, da 'yan aikin jarida, ku ne da kyamara da sanin rubutun shiri. Ni nawa tattara hira ne, kuma ina da ta tsofaffi huɗu a waya, da izininsu, wanda yake so ya zo mu saurara tare. Asabar mai zuwa in Allah Ya kai mu zan je Daɗin Kowa ta hanyar Bukuru, akwai wani dattijo da ya yarda zai zauna da mu bayan azahar, abokina ɗan Pankshin shi ya haɗa mu. Mu uku ne zuwa yanzu, tasi kuma tana ɗaukar fiye da haka. Za mu tashi daga ƙofar jami'a ta Bauchi Road ƙarfe goma sha ɗaya, kowa ya riƙo kuɗin motarsa da rigar sanyi.